Hayar kayan amare: ina kuɗin suke shiga?

Wata 'yar kasuwa daga Kano ta aiko da wannan tambaya: "Malam, atamfa da leshi nake sarowa a Kantin Kwari ina sayarwa a gida. Bara na zuba naira miliyan 1 da dubu 800, na ɗinka rigunan amare 6 da alkyabba 2 ina bayarwa haya, riga dubu 40 kwana biyu. Kayan ba sa zama a gida, amma kuɗin ba na ganinsu. Ƙawata ta ce kayan ne suka yi kaɗan, in ci bashi in ƙaro 10, wai a Amurka da hayar kaya ake kuɗancewa. Ga shi kuma 'yata za ta yi aure bayan sallah, ita so take a saya mata komai, ni kuwa na ce haya. Wanne ya fi?"

Kafin in amsa sai da na tambaye ta sau nawa kowace riga ta fita, sau nawa kuma aka biya. Ta ce ba ta ƙirga ba, "wasu ai 'yan'uwa ne, ba a karɓar kuɗinsu."

To Hajiya, a nan gizo ke saƙar. Ke kina ganin haya kike bayarwa, dangi kuwa sun san aro suke zuwa ɗauka, kuma babu littafin da zai raba muku gardama.

Ɗauki riga ɗaya. Idan na cire alkyabbu, kowace ta tsaya miki wajen dubu 250. An biya dubu 40, kin ba mai wanki, kin ba tela ya mayar da duwatsun da suka zube ya gyara zif, a ce dubu 8 sun tafi. Saura 32. Sai rigar ta fita sau 8, ana biya cif, kafin uwar kuɗi ta dawo. Ni kuma a abin da na gani, rigar amarya mai duwatsu da wuya ta wuce fita 12 zuwa 15 ba ta fara nuna gajiya ba, ko kuma yayinta ya wuce, amare su ce sun gan ta a Instagram jikin mutum uku. Ribarki gaba ɗaya tana cikin fita 4 zuwa 7 na ƙarshe. Duk ranar da 'yar yayarki ta saka ta kyauta, daga cikin waɗannan ta cinye ɗaya, domin riga ba ta san wa ya biya ba, tsufa kawai take yi. Aro biyar, kin yi wa dangi aikin shekara a banza, har da cikon kuɗin wanki daga aljihunki.

Na san wata a Zariya da ta yi irin wannan sana'a. Ranar wata Alhamis 'yar ƙanwar mijinta ta ɗauki rigarta mafi tsada, wai kamu kawai za a yi a dawo da ita. Sai bayan kwana 9 ta dawo a ƙudundune cikin leda, jambaki a wuya, humra ta yi taswira a ƙirji, bakin rigar ya yi baƙi ƙirin saboda jan ƙasa a filin rawa. Abin da ya fi ciwo, an kai wa tela ya rage ƙugu, ya datse yadin maimakon ya naɗe shi ciki. Amaryar da ta ba da kafin alƙalami don ranar Asabar kuwa sai da aka mayar mata da kuɗinta ana ba ta haƙuri, ta tafi tana faɗa wa ƙawaye. Mai kayan ba ta iya cewa uffan ba, wai kada a ce ta ci fuskar dangin miji. Kunyar marar kunya asara ce. Shekara ba ta zagayo ba ta karyar da kayan.

Maganar ƙawarki kuwa, ki bar ta inda kika ji ta. Kamfanin hayar tufafi da ake yawan kafa hujja da shi, Rent the Runway, a 2009 aka kafa shi a Amurka, ya shiga kasuwar hannun jari a 2021, kuma ya yi shekara da shekaru yana bayyana asara, darajar hannun jarinsa ta zube warwas. Su da ke da katafaren gidan wanki nasu na kansu, kwamfuta na ƙirga musu fitar kowace riga, ba kuma mai cewa "Anti, ara min." Ke da ba ki san ko riga 6 na kawo riba ba, 16 za ki iya da su, ga mai bashi a ƙofa?

Akwai kuma abin da masu haya ke mantawa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, yadi da duwatsun nan kuma daga waje ake shigo da su. Kada ki yi lissafi da kuɗin da kika ɗinka riga. Ki yi da kuɗin da za ki ɗinka madadinta.

Batun 'yarki mai sauƙi ne, kowaccenku na da rabin gaskiya. Rigar dina da alkyabba, haya. Kayan awa huɗu ne, daga nan sai akwati, ba ta zuwa suna da su, ba ta zuwa gaisuwar surukai, haihuwa ɗaya kuma ba za su ƙara shigarta ba. Atamfa 'yar Holan da shadda Getzner kuwa a saya, a ba tela mai hankali ya bar yadi a ciki. Kayan dubu 100 da za ta saka sau 50, kowace sakawa dubu 2 ke nan, in sun tsufa kuma ƙanne su gada. A nan ne zanen aro ba ya rufe katara: wadda ke hayar kayan fita kowane biki, ƙarshen shekara ta biya kuɗin turmi nawa, akwatinta kuma fayau.

Yanzu ki sayi littafi mai bango, kowace riga da shafinta: ranar fita, wa ya ɗauka, nawa aka biya, nawa wanki da gyara suka ci, ranar dawowa. Ki riƙa karɓar kuɗin jingina, aƙalla daidai da kuɗin haya, ba a mayarwa sai kin baje rigar a haske kin duba hammata da bakin ƙasa. Ba mai kai ta wajen tela sai ke. Dangi kuma ki ware musu riga ɗaya, wadda ta riga ta mayar da kuɗinta, ki ce wannan ce ta zumunci, sauran na kasuwa ne. Za a yi gunaguni wata biyu, a daina. Idan 'yarki ta zaɓi ɗaya daga cikin na kasuwa, ke uwar amarya ki ciro dubu 40 daga kuɗin biki ki saka a asusun kayan, ki rubuta.

Bayan wata 6 ki turo min hoton shafukan nan, sannan mu yi maganar ƙarin riga.