Hoton likitan haƙori ya isa a ce mutum yana da ɗaukewar numfashi a barci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Maigidana direba ne a hanyar Kumasi zuwa Tamale. Ya daɗe yana minshari mai ƙarfi, kuma nakan ji numfashinsa ya ɗauke cikin dare, sai ya zabura kamar wanda aka shaƙe. Kwanan baya ya je cire haƙori, likitan ya ɗauki hoton kansa daga gefe, ya ce hanyar iskarsa a matse take. Shin wannan hoto ya tabbatar da ciwon ke nan, ko da sauran gwaji? Daga wata mai karatu a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Hoton bai tabbatar da ciwon ba, amma abin da kunnenki ya ji cikin dare ya fi hoton nauyi a wurina.

Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaronsa yakan saki, kuma ga wasu mutane harshe da ganɗa sukan zame baya su toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye, har iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi domin ya ja numfashi, alhali da safe ba ya tuna komai. Hoton da aka ɗauka daga gefe yana nuna abubuwan da ke sa hakan ya zo da sauƙi: ko muƙamuƙin ƙasa ƙarami ne ko ya koma baya, ko ganɗa ta yi tsawo, ko ƙaramin ƙashin nan na ƙarƙashin haɓa wanda tushen harshe ke jingine da shi ya sauka ƙasa, da kuma faɗin ratar da ke bayan harshe. Akwai wata na'urar da ake kira CBCT, wadda take zagaya kai ta fitar da hanyar iskar ta kowane ɓangare, har a auna inda ta fi ƙunci.

Inda gizo ke saƙar shi ne, waɗannan hotuna ana ɗaukarsu ne mutum yana farke, galibi a tsaye ko a zaune, namansa a ɗame, ciwon kuwa ba ya bayyana sai an kwanta an yi barci, musamman a rigingine. Ko haɗiyar yawu da ɗaga kai a lokacin ɗaukar hoton suna iya sauya awon. Shi ya sa ake samun mai matsattsiyar hanya a hoto yana barci lafiya, ana kuma samun wanda hotonsa ya yi kyau amma numfashinsa yana yankewa dukan dare. Duk da haka likitan haƙorin ya kyauta da ya ja hankalinku.

Abin da ke yanke hukunci shi ne gwajin barci, inda ake saka wa mutum na'urori dare guda, a asibiti ko a gida, a ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a cikin awa ɗaya. Daga 5 zuwa 14 ciwon mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Bayan wannan ne hoton yake da amfani sosai, domin yana taimakawa wajen tsara magani, ko robar baki mai turo muƙamuƙi gaba, ko tiyata, ko da yake mai tsanani an fi fara masa da na'urar CPAP mai hura iska ta hanci. Don Allah kada a kai shi wurin wanzami a cire masa belu. Hakan ba ya warkar da wannan ciwo.

Aikinsa ne ya fi damuna, domin mai wannan ciwo yakan yi gyangyaɗi da rana, kuma hanyar Tamale doguwa ce, ga rayukan fasinjoji a hannunsa. Ciwon yana kuma da alaƙa da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Ya nemi takardar turawa zuwa sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ya tafi da hoton, ke ma ki raka shi ki faɗa wa likita abin da kike ji. Kafin lokacin ya riƙa kwanciyar gefe, ya guji maganin sa barci, a auna jininsa, kuma ya dakatar da tuƙin dare.