Ga mai tambaya kan baƙon da ya zo ba sanarwa

Ƙanwata, kin ce yaranki biyu ƙanana ne, kuma duk sanda baƙi suka yi sallama ba zato sai kunya ta rufe ki, falo a hargitse, kwanuka a tule. Shekarata 16 da aure, kuma na daɗe cikin wannan hali kafin in samo bakin zaren.

Abin da na gano shi ne, gidan da baƙo zai gani da rana tun daren jiya ake gyara shi. Idan yara suka kwanta, ina ware minti 20 kacal: in wanke kwanuka, in share falo, in tattara kayan wasa a kwando ɗaya, in leƙa banɗaki in ga akwai ruwa da sabulu da tawul mai tsabta. Banɗakin nan kada ki yi wasa da shi, baƙo zai manta da ƙurar kan tebur amma ba zai manta da wari ba. Sai dai ki kula, kada ki taɓa haɗa bilic da wani ruwan wanke banɗaki don neman ƙarin haske. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, ga shi ɗakin a rufe.

Maganar abinci kuwa, idan ina girki nakan ƙara hannu, in raba ragowar a ƙananan mazubai masu murfi in sa a firji, don baƙo ya samu abin taɓawa cikin minti 10. A nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. Na bar tukunya ta kwana a waje, da safe na ɗan ɗumama na ba baƙuwa, ta wuni da ciwon ciki. Daga baya na san ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje, sanyin firji ya kasance ƙasa da digiri 5, idan za a ɗumama kuma a bari ya yi zafi sosai har cikinsa. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri, ko da abincin bai canza ƙamshi ba.

Amma abin da na fi so ki riƙe shi ne ki zauna da baƙonki. Wata gwaggota ta taɓa yo tafiya mai nisa don ta gan ni, na shige kicin ina ta haɗa kala-kala har lokacin tafiyarta ya yi. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce, "Na zo ganinki, ban gan ki ba." Ranar na yi hawaye, na kuma fahimci abin da ake nufi da shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Yanzu ruwan sha nake fara kawowa, in zauna mu gaisa sosai, sannan in tashi.

Yaran ma ki jawo su. Ɗan shekara 3 zai iya mayar da kayan wasansa kwando, ɗan shekara 5 zai iya jera takalma a bakin ƙofa. Ki kuma roƙi maigida ya riƙa yi miki waya idan zai taho da mutane, ko da saura rabin awa ne su iso.