Yatsuna sun ƙi gudu a kan jita, ya zan yi?

Ɗan'uwa kace wata 3 kana koyo amma in zaka canja riƙon yatsu daga kod ɗin G zuwa na C sai tsirkiya ta dinga zuuu, wallahi nima haka na sha fama, matsalar sauri kakeyi. Sauke metronom, wato manhajar da ke buga maka lokaci, a wayarka ka sa shi bugu 60 a minti, kowane yatsa gidansa (wato tsakanin ƙarafan da ke wuyan jita), ka danna 1 2 3 4 daga tsirkiyar sama har ƙasa, kar ka ƙara gudu sai sautin ya fita tas. Ka danna dab da ƙarfen ba tsakiyar gidan ba, kuma yanke farcen hagu. Ƙaramin yatsa shine mai taurin kai, kar ka tsallake shi. Minti 15 kullum yafi awa 3 ranar Lahadi, zafin yatsu kuma in kanta ta fito zai daina.