Oba-oba "irin ta soja" da gishirin Apapa

Damina ta kankama a Ikko, shi ya sa akwatin saƙonnina ya cika da kukan na'urorin da suka sha ruwa.

Tambaya: Malam, ni ne shugaban masu gadi a wani garejin tireloli a Apapa. Bara muka sayi oba-oba guda 6. A jikin kwalin an rubuta IP67 da MIL-STD-810, mai shago ya ce irin ta sojan Amurka ce. Ko sau ɗaya ba ta faɗa ruwa ba, amma yanzu 4 ba sa ɗaukar caji, gindin eriyar ya yi kore. Cutarmu aka yi?

Amsa: Shugaba, ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Kalmar nan "ta soja" ta kwashe kuɗin mutanenmu daga Alaba har Ikeja, na gaji da jin ta.

MIL-STD-810 ba lambar yabo ba ce. Littafi ne na hanyoyin gwaji da rundunar sojan Amurka ta fara fitarwa a 1962, ana ta yi masa kwaskwarima har aka kai ga bugu na H a 2019. A cikinsa akwai gwaje-gwaje fiye da 20: zafi, sanyi, ruwan sama, ƙura, girgiza, faɗuwa, laima, hazon gishiri. Babu wani soja da ke zaune yana buga wa kayan kasuwa hatimi. Kamfani ne da kansa yake zaɓar gwajin da ya ga dama, ya yi biyu ko uku, ya buga sunan littafin a kwali. Kamar ɗalibi ne ya zaɓi darasin da ya iya, ya shirya wa kansa jarrabawa, ya kuma ba kansa maki.

Wanda suka fi so shi ne na faɗuwa, domin yana da daɗin talla: a saki na'ura daga tsayin santimita 122 har sau 26, ta kowace fuska da gefe da kusurwa. Madalla. Sai dai ku a Apapa ba faɗuwa ke kashe muku kaya ba, iskar teku ce. Gwajin da ya shafe ku shi ne mai lamba 509. Ana kulle na'urar a akwati, a yi ta fesa mata hazon ruwa mai gishiri kashi 5 cikin 100 na awa 24, a bar ta ta bushe awa 24, a sake maimaitawa. Wannan jiƙa-da-bushewar ce ke cin ƙarfe, kuma ita ce oba-obarku take sha kullum: raɓa da dare, rana da hantsi, ga gumin hannu, shi ma gishirin ne. Koren da ka gani tsatsar tagulla ce. Ɗan'uwan gwajin 509 shi ne 507, gwajin laima. Idan takardar bayanin na'ura ba ta ambaci waɗannan lambobi biyu ɓaro-ɓaro ba, ka ɗauka ba a yi ba.

IP67 kuma fa? Lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga. Lamba 7 tana nufin an nutsar da ita a zurfin mita 1 na minti 30. A ruwa mai tsabta, wanda ba ya motsi, na'urar kuma sabuwa dal, duk murafenta a rufe. Ba ruwan wannan lambar da gishiri. Ƙarafan caji na bayan batir kuwa a waje suke, ko wace lamba aka rubuta.

Saboda haka ba lallai a ce an yi muku ƙarya ba, an dai sayar muku da amsar tambayar da ba ku yi ba. Guda huɗun nan kada ka zubar. Ka cire batir, ka goge ƙarafan da tsohon buroshin haƙori da ɗan sifirit, har da na cikin mazaunin cajin, sau da yawa suna farfaɗowa. Daga yau duk wanda ya sauka daga aiki ya goge tasa kafin ya ɗora a caji. Murfin robar nan na wajen sa abin kunne, wanda yaranka suke cirewa don yana damunsu, a mayar da shi. Wanda ka kama yana lilo da ita ta eriya, ka yanke masa kuɗin shayi. Ni tawa a cikin robar abinci mai murfi take kwana, tare da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa a kwalin takalmi. Iyalina suna yi mini dariya, amma ba ta taɓa yin kore ba.

Tambaya: Wayata ta faɗa kwata a kasuwar Mile 12, na binne ta a cikin shinkafa. Kwana nawa za ta yi?

Amsa: Hajiya, da tsadar nan? Ki dafa shinkafarki. Kamfanin Apple da kansa ya ce a daina, don ɓurɓushinta na shiga ramin caji. Ki bar ta a kashe, kada ki jona, ki kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke ta yau. Ruwan kwata ba ya jiran gobe.

Tambaya: Na sayi waya tokumbo a Computer Village, mai IP68. Zan iya ɗaukar bidiyo da ita a cikin ruwan teku a Tarkwa Bay?

Amsa: Za ka iya, sau ɗaya. Abin da ke tare ruwa gam ne da siririyar roba, suna tsufa, kuma ba ka san hannu nawa suka buɗe wayar kafin ta zo gare ka ba. Ko sababbin ma, a 2020 Italiya ta ci Apple tarar yuro miliyan 10 kan tallan jure ruwa, a 2022 kotu a Ostireliya ta ci Samsung dalar ƙasar miliyan 14 kan irin wannan. Ka tsaya a kan yashi ka jawo hoton.

Tambaya: Ina tuƙa motar kaya daga Agege. Idan na kunna taswira a cunkoso sai wayar ta ce ta yi zafi, caji ya tsaya.

Amsa: Ka manna ta a gilashi, rana na dukanta, taswira na aiki, caji na shiga, ga riga mai kauri. Yawancin wayoyi an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 35 ba. Ka cire rigar, ka sauko da ita inuwa kusa da inda iska ke fitowa.