Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Zanen "Ping Pong" Ya Fito a Karkace?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Abokina ya matsa min sai na kalli wani katun ɗin Japan na ƙwallon tebur mai suna Ping Pong, wai ba a taɓa yin irinsa ba. Ina kunna kashi na farko sai na ga fuskoki a murɗe, haƙora a waje, layin zanen yana rawa. Ni da na saba da Haikyu!!, katun ɗin ƙwallon raga (volleyball) mai tsabtar zane, ban yi nisa ba na kashe. Kuɗi ne suka ƙare musu, ko kuwa yabon na 'yan iyayi ne kawai?
Wani ɗalibi, daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Da gangan aka yi shi haka. Labarin na Taiyo Matsumoto ne, ya zana shi a mujalla tsakanin 1996 da 1997, kuma hannunsa ke nan: layi mai karkarwa, fuska mai ƙashi, ba ya yi wa kowa kwalliya. Da darakta Masaaki Yuasa ya mayar da shi katun a kamfanin Tatsunoko a 2014, kashi 11, sai ya ƙi goge wannan hannun. Abin dariya, a watan Afrilun shekarar aka fara haska shi da Haikyu!! ɗin naka, kuma Ping Pong ne ya ɗauki babbar kyautar shirin talabijin a bikin Tokyo Anime Award na 2015. Hular inji ta fi ta hannu daidaito, amma ka shiga kasuwa ka tambayi kuɗin kowacce.

Dubi matsalar da ke gaban mai zanen. Teburin tsawonsa mita 2.74 ne kacal, ƙwallon nauyinta giram 2.7, kuma kafin ka ƙifta ido ta je ta dawo. Katun ɗin talabijin na Japan, tun zamanin fitaccen mai zanen katun Osamu Tezuka a 1963, ya ginu ne a kan tattalin zane: sau da yawa zane takwas ne a daƙiƙa maimakon ashirin da huɗu. To yaya za ka nuna gudu da zane kaɗan? Yawancin shirye-shiryen wasanni tsayar da lokaci suke yi, ƙwallo tana sama, ɗan kallo yana sharhi, jarumi yana tuno yarintarsa. Yuasa bai cika bin wannan hanyar ba. Yakan tsattsaga fuskar talabijin gida-gida kamar shafin labarin zane a mujalla: nan ido, nan tafin ƙafa yana goge daɓe, nan ƙwallo tana juyi, su faɗo ɗaya bayan ɗaya daidai da ƙarar bugu. Hannun da ya kai duka sai ya miƙe fiye da ƙima, kafaɗa ta kumbura ta cika allon. Idan ka tsayar da hoton za ka ce ɗan koyo ne ya zana. Ka sake shi ya tafi, sai ka ji nauyin dukan a jikinka.

Ka kashe kafin ka kai wurin da na fi so a kashi na farko. Kong Wenge, ɗan Sin da aka cire daga tawagarsa ya zo Japan da ɗacin rai, yana zaune a saman bene da kocinsa. Ba sa ganin masu wasa, ƙarar ƙwallo kawai iska ke kawo musu. Daga ƙarar nan suka gane salon kowanne, har suka gane cewa ɗaya daga cikinsu, mai salon tare ƙwallo daga baya, yana sakar wa abokinsa wasa da gangan. Ba a yi maka dogon bayani ba, an dai koya maka cewa wannan shirin da kunne ake kallonsa. Kiɗan Kensuke Ushio ma a wasu wurare daga ƙarar ƙwallon da takalma yake tasowa.

Sai labarin kansa, wanda a ganina shi ne dalilin da kyakkyawan zane zai ɓata shi. An saba gaya wa yara cewa wanda ya fi ƙoƙari shi ke nasara. A nan akwai Sakuma, wanda ya fi kowa zufa, idonsa na da matsala, ya ba wasan duk rayuwarsa, sai Tsukimoto, wanda ake wa laƙabi da Smile don ba ya murmushi, ya lallasa shi ya kuma gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ba shi da baiwar wasan. Shirin bai zo daga baya ya ƙaryata maganar ba. Akwai Peco mai baiwa da cika baki, wanda Kong ya ci 11 da babu, ya zube yana kuka. Akwai Kazama, zakaran da kowa ke tsoro, wanda ake zana shi kamar dodo ya cika filin, amma kafin wasa yakan kulle kansa a ban-ɗaki shi kaɗai. Yaran da ke cikin irin wannan hali, in ka ba su fuska sumul da manyan idanu masu walƙiya, ka yi ƙarya.

Ba na cewa ba shi da aibu. Akwai wuraren da mutanen da ke nesa suka zama kamar tsinke, kuma wannan gaggawa ce, ba fasaha ba. Mata ma ba a ba su fili sosai ba, in ka cire tsohuwar da ke riƙe da ɗakin wasan unguwa. Ka daure zuwa kashi na uku. Idan har lokacin idonka bai saba ba, ka bar shi, ba farilla ba ne.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Muna yara mun kalli Olive et Tom. Yanzu ɗana mai shekara tara ya ga yayyensa suna kallon wannan na ƙwallon tebur, ya nace. In bar shi?
Wata uwa, daga Maraɗi

AMSA: Barka kadai Hajiya. Wanda kika kalla sunansa na asali Captain Tsubasa, na Yoichi Takahashi, an fara haska shi a Japan a 1983, kuma 'yan uwanmu da suka taso da tashoshin Larabawa sun san shi da Kyaftin Majid. Kin tuna yadda yaro zai yi ta gudu har a ƙare kashi bai kai raga ba? Wannan an yi shi ne don yara, kuma ya dace da ɗan shekara tara har gobe.

Ping Pong na samari ne. Babu batsa a cikinsa, amma akwai faɗa da duka a titi, akwai inda yaro ya faɗa ruwa daga kan gada cikin ƙuncin rai, akwai kuma shagalin Kirsimeti a kashi na shida. Galibi da Japananci ake samunsa, da fassara a rubuce a ƙasa, rubutun kuma yana wucewa da sauri. Abin da zai fi hana shi jin daɗi shi ne rabin shirin maganar faɗuwa ce da barin wasa, wanda yaro bai ɗanɗana ba tukuna. Ki jira ya kai sha uku ko sha huɗu. In yayyensa ba za su daina kallo a gabansa ba, ki zauna tare da su a kashi na biyar da na shida, nan ne masu nauyin suke.