Ina Jin Murya, Amma Ba Na Fahimtar Maganar

Tambaya: Likita, shekaruna 58. Iyalina suna ƙorafin cewa ina ƙure ƙarar rediyo, kuma a cikin taro nakan ji muryoyi amma kalmomin ba sa fitowa sarai. Shin tsufa ne kawai?

Amsa: Malam, wannan ya yi kama da raunin ji na shekaru, wanda yakan fara cinye siraran sautuka irin su "s" da "f", shi ya sa muryar take iso maka amma ma'anar ta kuɓuce. Sai dai kada ka yanke hukunci kafin likitan kunne ya duba, domin wani lokaci datti ne ya toshe hanyar, kuma tsinken auduga ƙara cusa shi yake yi. Idan kunnen a buɗe yake, za a yi maka gwajin ji, a ga ko na'urar taimaka wa ji za ta amfane ka.

Kafin nan, ka riƙa fuskantar mai magana inda haske ke kan fuskarsa, ka kashe rediyo lokacin hira, ka kuma nemi a yi magana a hankali maimakon ihu. Idan ji ya ɗauke kwatsam a kunne ɗaya, ka je asibiti a ranar.