Hannun Bokitin Maigidana

Ɗana, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta mini bayan la'asar, ita ce kuma ke rubuta wannan, don idon nan ya daina ɗaukar ƙananan baƙaƙe. Sai da na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Wai maigidanka ya hana ka taɓa ɗan ƙarfen da yake goge layin bulo da shi, ya ce ba a aronsa, kuma yaro ba ya sayen nasa sai an ba shi ranar yaye. Kai kuwa ka ga wani mai sheƙi a intanet, ɗan ƙasar waje, shi ne kake tambaya ko al'ada ce ta gaske ko camfi, ko ka saya abinka kawai. Da dariyar ta lafa kuma sai jikina ya yi sanyi. Wata nawa ka yi a hannun mutumin nan? Bakwai? Har ka fara ɗora maganarsa a sikeli ɗaya da abin da waya ta nuna maka.

Kakanka dai, Allah ya jiƙansa, bai taɓa riƙe irin wannan ƙarfe ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ginin tubali ya gada a nan Zariya, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ƙasa da azara. A wannan gini babu layin da ake bari a waje. A jera tubali, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a yaɓe da tafin hannu, sannan a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame. Rufin soro kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Idan ka duba tsohon bango da kyau za ka ga sawun yatsun wanda ya yaɓe shi. Shi ya sa kakanka yake cewa kayan aikinsa goma ne, kuma da su yake cin tuwo.

Ni ne na fara karkacewa. Kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, sun shigo hannun ma'aikata, kowa na son gidan siminti, sai na tattara na tafi Kaduna, na zama yaron wani birkila. Hunturun 1975 ne, zamanin Murtala, shekarar da jiragen ruwa suka yi cincirindo a tashar Ikko maƙare da siminti sun rasa wurin sauke kaya. Muka samu aikin katangar wani babban ma'aikaci, ta jan bulo, wadda ba za a yi wa filasta ba. Ka san irin wannan aiki ba shi da mayafi, duk abin da hannunka ya yi, mai wucewa zai gani.

Maigidana yana da wani ƙarfe a aljihun gaban rigarsa. Ba komai ba ne illa hannun tsohon bokiti da ya yanke ya lanƙwasa, bayansa ya sha guga har yana ɗaukar ido kamar azurfa. Ni aikina kwaɓi, ɗaukar kwanon sarki, da jiƙa bulo, don jan bulo mayen ruwa ne, in ka ɗora shi a bushe sai ya tsotse ruwan kwaɓin kafin ya kama. Shi kuma in ya jera layi uku ko huɗu, kaurin kowane layin siminti kamar ɗan yatsa, sai ya ajiye cokali ya tsaya. Ya danna babban yatsansa a layin. In ya ga bai yi ba, ya ci gaba da jeri. In ya yi, sai ya zaro ƙarfen, ya fara da gajerun layukan tsaye, sannan ya ja dogon na kwance a tafi ɗaya, ƙiii, layin ya fito da ɗan kwari mai santsi. Daga baya a bi da busasshen buroshi a kakkaɓe.

Ran nan ya tafi sallar azahar ya bar rigar aikinsa a rataye. Shaiɗan ya ce mini, me ke cikin wannan jan layi da har sai an shekara ana kallo? Na zaro ƙarfen, na hau katako. Wurin da ya jera da hantsi iskar hunturu ta riga ta busar da shi, ina gogawa ƙarfen na barin baƙin tabo kamar an ja gawayi, gefen layin na marmashewa. Na ce to bari in koma inda yake ɗanye. Can kuma simintin ya biyo ƙarfen, ya shafe fuskar bulon, ja ya koma toka-toka. Na ɗebo ruwa da tsumma in wanke, abin ya ƙara yaɗuwa. Har yau ina jin ƙarar takalminsa a kan tsakuwa.

Bai zage ni ba, da ma ya zaga da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya ya dubi bangon, ya miƙo hannu na sa masa ƙarfen, ya goge shi da bakin rigarsa ya mayar aljihu. Sai ya ba ni ƙusa 'yar inci shida, ya ce in ƙwaƙule duk layin da na taɓa, in zurfafa sosai yadda sabon kwaɓi zai samu wurin zama. Na yi ta yi har magariba, kan yatsuna ya tsattsage, siminti na shiga yana cin naman. Kuɗin wannan rana kuwa ban gan su ba, an cire na simintin da na ɓata.

Da dare muna shan shayi ya kama babban yatsana ya ce, wannan shi ne ƙarfen, wancan na aljihu ɗan aike ne. Ya ce kwaɓi yana da ɗan lokacin da yake amsa sallama: ka danna, sawun yatsa ya fito, amma bai manne maka ba. Kafin nan riga-malam-masallaci ne, bayan nan kuma ka makara. Lokacin kuma ba ɗaya ba ne, na hunturu daban, na damina daban, bangon da rana ke duka daban da na inuwa. Ya ce gogar ba don ado kaɗai ba ce, danne simintin ake yi ya toshe 'yan ƙofofi ya rungumi bakin bulo, kwarin nan kuma ya tura ruwan sama waje. Masu ƙwaƙule layi su bar shi da zurfi don ya yi kyau a ido, sun yi wa ruwa kujera ne. Sai ya kawo maganar da kakanka ma yake yi, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Batun aro kuwa, abin da na ji daga bakinsu shi ne zanen aro ba ya rufe katara. Kowane ƙarfe yana cinyewa ne daidai da karkatar hannun mai shi, in wani ya ja da shi kwana biyu sai ya canza masa baki. Ko akwai wani abu bayan wannan, irin na tofi da addu'a da tsofaffin magina ke yi a kan kayan aikinsu, ban tambaya ba, a zamaninmu ba a tambayar irin wannan.

Ku yanzu filasta ta lalata ku. A buga bulo yashi ya fi ƙarfin siminti, a jera shi a karkace, a ce ai za a rufe. Rabin masu kiran kansu birkila ba su taɓa gama layi ɗaya da za a bari a buɗe ba. Mu ma da laifinmu, mun bar tubali muka bi siminti, ga shi yau a danginmu babu mai iya haɗa makuba. Ka gode wa Allah da ka samu maigidan da har yanzu yake kishin ƙarfensa.

Na intanet ɗin, ban ce ba shi da kyau ba, na ga ma masu yi da guntun tiyo ko rodi, aikinsu ya fito. Kuɗinka ne. Amma kada ka shiga da shi wurin aiki mutumin nan ya gani, ka ji ko? Hannun bokitin yana nan cikin akwatina, shekara huɗu na yi kafin ya miƙo mini shi. In ka zo da Babbar Sallah ka tuna mini in nuna maka, nunawa na ce. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar ya iso.